Kafin a Sauke Inji: Yadda Ake Gano Ciwon Tsohuwar A-kori-kura Mai Shan Gas

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Daura ta Mashi, ko yake cin kasuwar Mai'adua, ya san irin wahalar da tsofaffin motocin a-kori-kura masu shan gas, wato man dizal, suke ɗauke wa jama'a, daga buhunan gero da wake har zuwa tumaki da siminti. Da yawa daga cikinsu Toyota Hilux ne masu injin 2L, 3L ko 5L, sai kuma Mitsubishi L200 mai injin 4D56. Idan irin wannan mota ta fara wuyar tashi ko ta rage ja, maganar farko da mai ita yakan ji a gareji ita ce, "Alhaji, injin nan ya gaji, sai an sauke shi." Wani lokaci gaskiya ne, amma sau da yawa ciwon yana wurin da kuɗin gyaransa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga an farke inji mai lafiya, an cika shi da kaya marasa inganci, alhali ko kusa da ainihin matsalar ba a je ba.

Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da wuta irin na injin fetur. Iska yake shaƙa, fistin ya matse ta har ta ragu kusan sau 22, zafin matsin kuma shi ne ke kunna man da nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, ya feso. Saboda haka abin da yake buƙata kaɗan ne: iska mai tsabta, gas wanda babu iska ko ruwa a cikinsa, matsi mai ƙarfi, da kuma juyawa da sauri a lokacin tayarwa. A kan waɗannan ake bincike, kuma daga mai arha ake farawa.

A fara da kunne. Idan aka murɗa makulli aka ji kik yana jan inji da ƙyar, to zafin matsin yana tserewa kafin ya isa kunna mai, kuma komai lafiyar inji ba zai tashi ba. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 a mita, bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 10 ba yayin da ake yin kik, sannan idan inji na aiki, altaneta mai lafiya tana ba da tsakanin 13.8 da 14.4. Kafin a yanke wa batir hukunci, a kankare kawunansa, a kuma duba kakkaurar wayar nan da ta haɗa shi da jikin mota da inji, domin tsatsa a wannan wuri ta sa an sayi batura da yawa a banza. Idan kik na juyawa da kyau amma inji bai ko yi tari ba, a sa wani ya buɗe makulli, a kasa kunne kusa da injekta, wato famfon da ke tura gas zuwa nozul. Akwai ƙaramin makunnin lantarki a bayanta wanda ke buɗe hanyar mai, kuma ya kamata a ji ya yi ƙas. Idan babu wannan ƙara, aikin rewaya ne.

Motar da ke wahala da asubar hunturu kaɗai, amma da rana ta tashi bugu ɗaya, hitocinta ake tuhuma, wato ƙananan sandunan lantarki da ke ɗumama silinda kafin tayarwa. A cire ƙarfen da ya haɗa su, a auna kowace da mita tsakanin kanta da jikin inji. Mai rai tana nuna wajen om 1, matacciya kuwa ba ta nuna komai. Hita ɗaya ko biyu da suka mutu sun isa su sa inji ya tashi yana rawa da farin hayaƙi. Al'adar nan ta jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin hanyar iska abu ne da nake roƙon a bari, domin fetur yana kamawa tun kafin lokaci, yana iya karya zoben fistin, kuma wuta na iya dawowa ta sami hannun mai riƙe da tsumman.

Babban abin da ke yaudarar mutane shi ne iska a cikin hanyar mai. A waɗannan tsofaffin injuna, injekta da kanta take tsotso gas tun daga tanki, don haka ɗan tsagi a jikin tiyo ba ya zubar da mai balle a gani, iska yake sha. Idan mota ta kwana, man ya sulale ya koma tanki, da safe sai a yi ta kik har batir ya mutu. Kawuna yana da Hilux mai injin 3L da yake jigilar hatsi da ita, kuma a wani gareji an riga an yi masa lissafin fistin da zobe da kuɗin aiki. Kafin ya biya, sai muka kai ta wurin wani dattijon bakanike, wanda bai taɓa ko sifana ba tukuna. Ya ɗora babban yatsansa a kan famfon hannu da ke saman filta, ya danna, abin ya nutse babu wani tauri. Ya cire tiyon da ke tsakanin filta da injekta, ya maye gurbinsa da farin tiyo wanda ake ganin cikinsa, ya ce a tayar. Muna tsaye muna kallon ƙananan kumfa suna bin juna a jere cikin man. Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa lau. Robar famfon nan ce ta tsage." Kan filta aka canza, da tiyo guda, motar ta koma bakin aikinta.

Ga yadda mutum zai maimaita wannan gwaji da kansa. Da safe, kafin a taɓa makulli, a danna famfon hannu har sai ya yi tauri, sannan a yi kik. Idan ta tashi nan take, an kama ɓarawon, saura a gano ƙofar da yake shigowa: robar filta, famfon hannu, tiyon da ya bushe, ko ƙananan tiyon da ke mayar da ragowar mai. Hanya ta biyu ita ce a ba injekta gas kai tsaye daga jarka mai tsabta. Idan inji ya daidaita, ciwon yana tsakanin tanki da filta, wataƙila ma ragar da ke cikin tanki ce ta toshe. Idan kuwa gas ya ƙare a hanya har iska ta kai nozul, bayan an danna famfo ya yi tauri, a sassauta notin bututun ƙarfe a kan nozul biyu da sifana mai lamba 17, a yi kik har mai ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure. Kada a kai hannu kusa da wurin, domin man yana iya huda fata. Wannan dabara ta tsofaffin injuna ce kawai. Hilux mai injin D-4D, wato 1KD ko 2KD, matsin manta ya haura kilogiram 1,000 a kan kowace murabba'in santimita, ba a sassauta mata bututu, kwamfuta ake sa mata.

Ingancin man kansa ma abin dubawa ne, musamman ga mai saye a hannun 'yan bumburutu. Gas ne ke shafa wa kayan cikin injekta maiƙo, don haka wanda aka gauraya da kalanzir ko wanda ruwa ya shiga yana cinye ta a hankali. A ƙasan filta akwai ɗan marufi na zubar da ruwa, a riƙa kwance shi ana tara abin da ya fito a kwalba. Idan aka bar kwalbar ta natsa, ruwa zai kwanta a ƙasa, a gan shi ƙuru-ƙuru.

Daga nan sai a koma bayan mota a karanci hayaƙin salansa. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi ƙarfin iska, kuma a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, iyakilina, wato matatar iska, ita ce abin dubawa na farko. A hure ta daga ciki zuwa waje, a ɗaga ta a rana a ga ko ta huje, sannan a shafa yatsa a cikin tiyon da ke bayanta. Idan yatsa ya fito da ƙura, to inji yana shan yashi, kuma yashi shi ne ke cinye zobe da silinda. Idan iska ba ta da laifi, a cire nozul a kai wurin mai injekta ya gwada su a gaban mai mota. Nozul mai kyau na injin Toyota irin waɗannan yana buɗewa a wajen kilogiram 150 a kan kowace murabba'in santimita, yana fesa mai kamar hazo, kuma ba ya ɗiga bayan ya rufe. A mayar da su da sababbin wosha. Ban yarda a ƙara wa injekta mai don mota ta ƙara ja ba, domin ƙarfin da ake samu kaɗan ne, zafin da ke biyo baya kuwa kan inji ne ke biyan kuɗinsa.

Farin hayaƙi iri biyu ne. Mai warin gas da yaji a ido, man da bai ƙone ba ne, kuma dalilinsa hita, ko saitin injekta da ya yi baya, ko raunin matsi. Wanda kuwa yake bajewa da sauri kamar tururin tukunya, ga ruwan lagireto yana raguwa, ruwa ne ke shiga silinda. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, ta zobe, ko ta robobin bawul, ko ta turbo idan akwai. Mai turbo ya kula sosai, domin idan ta yi yoyon mai da yawa, inji yana iya kama gudu da kansa ko an zare makulli. Idan haka ta faru, a taka birki, a sa giya mafi girma, a saki kuloci domin ya mutu.

Ɗaukar zafi shi ne ajalin yawancin waɗannan injuna, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ga lodi ya wuce ƙima. Kan inji, wanda makanikai ke kira tof silinda, ba ya yafe tafasa, kuma na 2L mai turbo ya yi suna wajen tsagewa. Ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗurawa kullum yana barin ƙasa da tsatsa su toshe lagireto, don haka a wanke shi, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a canza marufin idan robarsa ta mutu. A duba fanbel, a duba wotafamfo ko yana yoyo, a kuma gwada fanka: idan inji ya yi zafi aka kashe shi, fankar da ta ci gaba da juyawa sakaka ta daina kamawa. Cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da ake yi wai don ƙasarmu da zafi ba ya magance komai, ɓoye ciwon yake yi, sannan ya bar inji yana aiki da sanyi da safe, abin da ke ƙara masa ci. Don gane ko gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulok, ya ƙone, a buɗe lagireto tun inji na da sanyi, a cika shi, a tayar. Kumfar da ke fitowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama da ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, ko baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, duk shaida ne. Ba a buɗe marufi da zafi, ba a kuma sheƙa wa inji mai tafasa ruwan sanyi.

Sai bayan duk wannan ake maganar matsi, wato kwamfureshin, kuma auna shi ake yi, ba a ƙiyasta shi da ido. Ana cire hitoci, a ɗaura ma'auni a ramin kowace, a yi kik da cikakken batir. A injin 2L da 3L, lafiyayyen matsi kilogiram 32 ne a kan kowace murabba'in santimita, mafi ƙarancin abin karɓa 20, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce 5. A duba saitin bawul kafin a auna, domin bawul ɗin da ba ya rufuwa sosai yana rage matsi alhali zobe na da lafiya. Idan silinda biyu maƙwabta ne kaɗai suka faɗi, gasket ne ake zargi. Idan duka huɗun sun yi ƙasa, ga hayaƙi na bugowa da ƙarfi ta bakin zuba mai, ga shan baƙin mai, to a nan bakanike ya yi gaskiya.

Tayimin bel kuwa, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, ba ya ba da sanarwa. Ana canza shi a kilomita 100,000, kuma tunda yawancin tsofaffin motoci mitarsu ta daina lissafi, wanda ya sayi mota bai san tarihinta ba ya canza shi tun ranar farko, tare da tayar da ke ɗaure shi. Idan ya tsinke, fistin da bawul karo suke yi. Injin 4D56 yana da ƙaramin bel na biyu a bayan babban, wanda idan ya tsinke yakan faɗa cikin babban ya yi ɓarna, saboda haka tare ake canza su.

Idan sauke inji ya zama dole, kada a yarda da sa sabon zobe a cikin silindar da ta riga ta buɗe. A kai bulok da kiranshaf wurin masu gurza a auna su, a gwada tof silinda ko ya lanƙwashe ko ya tsage, kuma a ɗaure kusoshinsa da sifana mai awo, bisa tsari, daga tsakiya zuwa gefe. Wanda ya zaɓi sayen inji ɗan Beljiyam, ko a Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da bakanikensa, ya nemi a tayar da shi a ƙasa tun yana da sanyi, ya kalli hayaƙin, ya buɗe marufin mai ya ga abin da ke fitowa. Injin da aka yi wa aiki kuma a tausaya masa a kilomita 1,000 na farko, babu lodi mai nauyi, babu taka totur har ƙasa, sannan a yi juye a canza filta. Daga nan a riƙa juye da mai lamba 15W-40 na injin gas a kowace kilomita 5,000, a rubuta ranar da lambar mita a ɗan littafi da ke cikin mota.