Kurakuran da muka fi yi wajen karanta labaran Kirista da littattafan ƙarfafa zuciya

A bayan majami'armu akwai wani tsohon kabad na katako, makullinsa kuma yana hannuna. Yawancin littattafan da ke ciki kyauta ce daga dattawa, wasu kuma matasa ne suka sayo a kantin Challenge na Jos ko wurin masu baza littattafai a bakin titi. Kusan duka da Turanci suke, don ƙagaggun labaran Kirista da Hausa ba su da yawa. Ran Lahadi bayan an tashi sujada, duk wanda ya dawo da littafi nakan tambaye shi yadda ya same shi. Daga amsoshin da nake samu ne na lura cewa tuntuɓe iri ɗaya muke ta yi, kuma tushensa guda ne: ba ma tsayawa mu tambayi kanmu wane irin littafi ne a hannunmu.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaukar ƙagaggen labari a matsayin koyarwa. Wani saurayi ya taɓa dawo mini da littafi na farko na jerin Left Behind idanunsa jawur don rashin barci. Ya ce, "Baba, ashe haka ranar za ta kasance? Matuƙin jirgi yana sama, sai a ga tufafin fasinjoji a kan kujeru babu su?" A zaman nazarin Littafi Mai Tsarki na makon nan ya riƙa jero abubuwan da za su faru a ƙarshen zamani ɗaya bayan ɗaya, kamar yana karanta jadawalin tashar mota, da aka tambaye shi aya sai ya kama sosa ƙeya.

Tim LaHaye da Jerry Jenkins ne suka rubuta jerin, na farko ya fito a 1995, suka kai littattafai 16. Labari ne mai jan hankali, ban musa ba. Amma an gina shi a kan fahimta ɗaya tak daga cikin fahimtoci da dama game da dawowar Almasihu, wato cewa za a fyauce masu bi tukuna, sannan shekara bakwai na tsanani su biyo baya. Wani malamin Littafi Mai Tsarki mai suna John Nelson Darby ne ya yaɗa wannan tsari a ƙarni na 19, bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 kuma ya kai shi gida-gida a Amurka. Wasu ikilisiyoyinmu na nan suna koyar da shi. Wasu kuwa, kamar Katolika da Lutheran, ba haka suke karanta Wahayin Yahaya ba. Marubucin labari ba zai tsaya a tsakiyar shafi ya gaya maka akwai saɓani ba, don aikinsa shi ne ya sa ka juya shafi. Gyaran ba shi da wuya. In labari ya kafa wata magana a zuciyarka, nemi ayar da ya jingina a kanta, karanta surar gaba ɗaya, sannan ka tambayi fasto ko malamin makarantar Lahadi abin da ikilisiyarku take koyarwa a kai. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, duk da haka suka riƙa bincika Littattafai kowace rana su ga ko haka ne, aka kuma yabe su. To ina ga marubucin labari?

Haka abin yake da labaran yaƙin ruhaniya, waɗanda ake nuna aljanu da sunayensu suna zaune a kan rufin gari. Mu da muka taso da labarin mayu da sammu, irin wannan littafi yana shigarmu fiye da yadda yake shigar Baturen da aka rubuta wa. Na ga wadda ta gama karanta ɗaya, ta koma kallon surukarta da wani ido. Littafin bai ce mata ta yi haka ba, ita ce ta ɗora hoton labari a kan mutanen gidanta.

Sai kuma masu kuskuren da ke ɗaya gefen, kuma yawanci dattawa ne. Wata mama a Zumuntar Mata ta ce da ni, "Ɗana, ni ba na ɓata lokacina a kan ƙarya. In dai bai faru ba, me zan yi da shi?" Na ce, "Mama, ɗan nan da ya karɓi gādonsa ya tafi ya lalatar, mene ne sunan garinsu?" Ta yi dariya, ta gane inda na dosa. Yesu da misalai ya koyar. Annabi Natan ma, da ya je wurin Dawuda a 2 Sama'ila 12, bai fara da zargi ba. Labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci ya ba shi, sai da sarki ya fusata ya yanke hukunci, sannan aka ce masa shi ne mutumin. Da an fito masa kai tsaye, wa ya san yadda za a ƙare.

Ƙarya ita ce a gaya maka abu don ka ɗauka ya faru alhali bai faru ba. Ƙagaggen labari bai ɓoye kansa ba. Ko tatsuniyar kakanninmu da "ga ta nan ga ta nanku" take farawa, ta rufe da "ba don gizo ba da na yi ƙarya", kowa ya san matsayinta, kuma ba wanda ya tashi bai ɗauki darasi ba. Wannan gardama ma tsohuwa ce. John Bunyan, mai gyaran tukwanen ƙarfe a Bedford ta Ingila, wanda ya shekara 12 a kurkuku saboda wa'azi ba da izinin hukuma ba, ya fitar da The Pilgrim's Progress a 1678. A gabatarwar littafin ya faɗa da kansa cewa abokansa sun rabu biyu, wasu suka ce a buga, wasu suka ce kada a buga, sai da ya kare kansa da cewa annabawa ma da misali suka yi magana. Yau fiye da shekara 340 ana karanta shi.

Wanda ya fi waɗannan biyu haɗari, a ganina, shi ne littafin da ya ce shi shaida ce ta gaskiya. Da an rubuta a bango cewa abin ya faru, sai mu ajiye hankalinmu a gefe, muna jin kamar yin tambaya rashin bangaskiya ne. A 2010 kamfanin Tyndale House ya buga The Boy Who Came Back from Heaven, labarin Alex Malarkey, yaron da ya yi hatsarin mota a 2004 yana ɗan shekara 6, ya daɗe a sume, aka ce ya je sama ya dawo. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai. A watan Janairu 2015 yaron, wanda ya riga ya zama matashi, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ya ce bai mutu ba, bai je sama ba, ya faɗa ne don a kula da shi. Kamfanin ya janye littafin. Abin da ya ba ni tausayi shi ne waɗanda suka yi wa masu makoki ta'aziyya da shi.

Ba cewa nake duk shaida ƙarya ce ba. Cewa nake a yi mata tambayoyin da ake yi wa kowane labari. Akwai suna, da gari, da shekara? Akwai wani da ya shaida abin ban da mai faɗa? Mai littafin yana sayar da wani abu a shafin ƙarshe? Kwatanta da The Hiding Place na Corrie ten Boom, wanda ya fito a 1971. Gidansu yana nan a Haarlem ta Holand, ana zuwa a gani. 'Yan Nazi na Jamus sun kama iyalin a Fabrairu 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda ɓoye Yahudawa, mahaifinsu ya rasu a tsare bayan kwanaki kaɗan, 'yar'uwarta Betsie ta rasu a sansanin fursunoni na Ravensbrück a Disamba na shekarar. Ana iya bin diddigin wannan, kuma ba ya gudun a bi.

Wannan littafin ya kawo ni kan wani abu. Labaran Kirista da yawa, musamman na soyayya, hanya ɗaya suke ƙarewa: mijin da ya bauɗe ya tuba, bakarariya ta haihu, bashi ya biyu, a yi biki. Ba laifi, zuciya na son hutu. Laifin yana wurin mai karatu da zai auna rayuwarsa da wannan ma'auni. Wata matashiya ta taɓa tambayata a hankali ko addu'arta ce ba ta kai ba, tunda ta yi duk abin da matar cikin labarin ta yi amma nata auren bai gyaru ba. Na rasa abin faɗa na ɗan lokaci. Marubuci shi ke riƙe da alƙalami, a shafi na 300 yana iya juya zuciyar kowa. A cikin Littafi Mai Tsarki kuwa an jejjefe Istifanas har ya mutu, an fille kan Yahaya Mai Baftisma, Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya ba a cire ba. A ikilisiyoyinmu akwai gwauraye da marayun rikici da ba a mayar musu da kowa ba. In ka ga ka jera labarai biyar masu daɗin ƙarshe, saka tarihin rayuwar wani na gaske a tsakani, ko ka koma littafin Ayuba. Akwai kuma wani gargaɗi da ba zan tsallake ba: labarin matar da ta jure har mijinta ya shiryu ba hujja ba ce ta cewa wadda ake duka ta zauna shiru. Wannan maganar dattawan ikilisiya ce da iyaye, wani lokaci ma da hukuma.

Littattafan ƙarfafa zuciya nasu ciwon daban ne, wato aya guda da aka tsinko daga cikin 'yan'uwanta. Irmiya 29:11 ta fi kowace shan wannan wahala, tana kan kalanda, tana bayan mota, tana farkon babi. Amma wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai shekara 70 sun cika. Yawancin waɗanda suka fara jin alkawarin a can suka tsufa suka mutu. Alkawarin gaskiya ne, sai dai ba na samun aiki a wata mai zuwa ba ne. Filibiyawa 4:13 ma haka, Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, kuma ayoyi biyun da suka zo kafinta maganar ƙoshi da yunwa suke, da yadda ya koyi wadar zuci a kowane hali. A shekarar 2000 an yi wani ɗan littafi da ya sayu miliyoyi a kan addu'ar Yabez, mutumin da duk labarinsa ayoyi biyu ne a 1 Tarihi 4:9-10. Ayoyi biyu suna iya ɗaukar wa'azi mai kyau, amma in an mai da su laya da ake maimaitawa kowace safiya don dukiya ta ƙaru, an ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. Al'adar da nake koya wa matasa ita ce, duk ayar da littafi ya kawo, a buɗe a karanta goma kafinta da goma bayanta. Muna da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, yanzu ma yana cikin waya, ba mu da uzuri.

Wasu kurakuran ƙanana ne. Littafin da aka tsara a karanta babi ɗaya a rana har kwana 40, wasu a dare biyu suke haɗiye shi, su ce bai yi musu komai ba. Wasu kuma littafin ibadar safe ya maye musu gurbin Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya, miya ta zama tuwo. Akwai masu ɗauko shawarar marubucin Amurka game da aure ko kuɗi ko iyaye su dasa ta a gidan da mutum goma sha biyu ke ci daga tukunya ɗaya, ba tare da sun tace ba. Shi ya rubuta wa wanda ke zaune da matarsa da 'ya'ya biyu, bai san ƙanin miji ko kuɗin makarantar 'ya'yan yaya ba. Ɗauki ƙa'idar, bar misalin.

Na dawo kan tambayar da nake yi a bakin kabad. Amsar da na fi samu ita ce, "Kai, ya albarkace ni!" Na gode wa Allah, amma wannan bai gaya wa na bayanka komai ba. Muna jin nauyin cewa littafin Kirista bai yi kyau ba, kamar sukar littafin sukar Ubangiji ce. Ba haka ba ne. Mutum yana iya zama mai tsoron Allah ya kuma rubuta labari mai gundura, inda mugu mugu ne tun daga shafin farko, nagari kuma ba ya ko tuntuɓe, kowace hira ta rikiɗe ta zama wa'azi. Faɗin haka taimako ne. Ɗaya ɓangaren kuma su ne masu zuba maka labarin duka, har da wanda ya mutu a ƙarshe, su kashe maka sha'awar karatu.

Don haka na sayi littafin rubutu mai shafi 80 na ɗaure shi da zare a ƙofar kabad. Duk mai dawo da littafi zai rubuta layi huɗu kafin ya ɗauki wani: ƙagagge ne ko shaida ko koyarwa, wane wuri ne ya tsaya masa a rai, ina ne bai yarda da marubucin ba, wa kuma zai ba wa littafin. Layi na uku ne aka fi bari fayau a farko. Makon jiya wata yarinya 'yar aji biyar a sakandare ta cike shi har ta tsallaka gefen shafi, ta ce marubuciyar ta sa matar cikin labarin ta yafe da wuri, ita kuwa ta ga yadda mahaifiyarta ta shekara uku kafin ta iya gaisawa da wanda ya cuce su.