Kwamfutar makaranta da bayanan 'ya'yanku a Amurka: abin da za ku duba kafin ku sa hannu

Makarantun gwamnati a Amurka suna ƙarƙashin hukumomin gundumomi ne, kuma kowace gunduma da nata ƙa'idojin kan waya, kwamfuta da bayanan ɗalibai. Abin da ake yi a Bronx ba lallai ya zama shi ake yi a Columbus ko Houston ba. Za mu ɗauki birnin New York a matsayin misali, saboda Hausawa da dama daga Ghana, Nijar da Najeriya suna zaune can, amma dokokin tarayya da za mu ambata suna aiki a kowace jiha.

Kusan duk zaɓin da iyaye ke da shi yana cikin takardun da ake aiko wa a makonnin farko na shekarar karatu. Wasu suna da wa'adi, kuma idan ba ku ce komai ba, ana ɗauka kun yarda. Saboda haka kada ku sa hannu a tsaye a bakin ƙofar makaranta. Ku kai su gida. Idan Turancin ya yi nauyi, ku nemi tafinta: makarantun birnin New York suna fassara manyan takardu zuwa harsuna da suka haɗa da Faransanci da Larabci, suna kuma samar da tafinta ta waya kyauta. Kada ku ɗora wa yaron aikin fassara takardar da ta shafe shi.

Takardu uku da suka fi muhimmanci

Ta farko ita ce yarjejeniyar amfani da intanet da na'urorin makaranta. Ku nemi amsar abu huɗu a cikinta: wa zai biya idan na'urar ta fashe ko ta ɓace, ko ana sa ido a kanta bayan an tashi daga makaranta, wa ke ganin abin da yaro ya rubuta, da kuma ranar mayar da ita.

Ta biyu takardar izinin ɗaukar hoto da bidiyo ce. Ƙin sa hannu a kanta ba ya rage wa yaro maki ko hana shi shiga aji.

Ta uku, takardar hana fitar da bayanan yaro, ita ce aka fi tsallakewa. Dokar FERPA ta 1974 ta hana makaranta fitar da bayanan ɗalibi ba tare da izinin iyaye ba, amma ta bar ƙofa ɗaya a buɗe, wadda za ku gani a takarda da sunan "directory information". Wannan kan haɗa da sunan yaro, ajinsa, hotonsa, a wasu gundumomin har da adireshi da lambar waya. Makaranta na iya bayar da su matuƙar ta sanar da ku kuma ba ku hana ba. A sakandare akwai ƙari: dokar tarayya ta wajabta ba wa masu ɗaukar sojoji suna, adireshi da lambar wayar ɗalibi idan sun nema, sai dai idan an rubuta cewa ba a yarda ba. Ku cika takardar hanin, ku ɗauki hotonta da waya kafin ku miƙa, ku kuma tambaya ko sai an sabunta ta kowace shekara.

Wajen rajista, makaranta ba ta da ikon hana yaro karatu saboda takardun zaman ƙasa. Kotun Ƙoli ta yanke wannan hukunci a 1982 a shari'ar Plyler da Doe. Ba dole ba ne ku ba da lambar Social Security ta yaro, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa, kuma shawararmu ita ce kada ku bayar idan ba a nuna muku dalili ba.

Ranar da aka kawo kwamfuta gida

Ku ɗauki hoton gabanta, bayanta da gilashinta a kunne, tare da lambar da ke jikinta da ta tambarin makaranta. Ku duba ko caja na nan. Wannan ce shaidarku idan aka ce yaro ya fasa abin da dama a fashe aka ba shi. Gilashin Chromebook, irin kwamfutar da makarantu da yawa ke bayarwa, ya fi fashewa ta hanya biyu: a rufe shi da biro ko abin sauraro a kan maɓallai, ko a ɗaga shi ta gilashin. Idan an sace ta, ku sanar da makaranta a ranar, domin za ta iya kulle ta daga nesa, kuma gundumomi da yawa suna neman rahoton 'yan sanda kafin su yafe kuɗin.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sirri. Na'urar ta makaranta ce, asusun imel ɗin ma nata ne. Dokar CIPA ta 2000 ta wajabta wa makarantun da ke karɓar rangwamen intanet na shirin E-Rate su tace shafukan batsa su kuma lura da abin da yara ke yi a intanet. Gundumomi da yawa sun wuce nan, suna amfani da manhajoji irin su GoGuardian, Securly da Gaggle, waɗanda ke iya ganin shafukan da aka buɗe, abin da aka bincika, ko abin da aka rubuta a imel da takardun Google. Suna aiki ne da kalmomi da alamu, ba su san wasa ba. Yaro ya rubuta wa abokinsa maganar bindiga ko kashe kai da sunan raha, sai saƙo ya tafi wurin shugaban makaranta, wani lokaci har 'yan sanda su zo gida. Ku faɗa wa yaro wannan ƙarara tun ranar farko. Idan kuma aka kira ku kan irin wannan saƙo, kada ku yi saurin cewa wasa ne kafin ku zauna da shi, domin wani lokaci da gaske ne.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne mayar da kwamfutar makaranta ta kowa da kowa. Uba ya duba asusun banki, uwa ta cika takardar shige da fice, yaya ya kalli abin da ya ga dama, duk da sunan ƙaramin yaro. Ku hana. Haka nan idan yaro ya shiga asusun makaranta a burauzar Chrome ta kwamfutar gida ya kuma yarda a haɗa bayanansa, manhajar sa ido na iya biyo shi can. Maganin shi ne a buɗe masa nasa ɓangaren daban a Chrome, aikin makaranta kawai, ya rufe idan ya gama.

Tacewar makaranta ba ta shafi wayar yaro ta kansa ba. Wannan aikinku ne, da Family Link a Android ko Screen Time a iPhone. Caji kuma a falo, ba a ɗakin kwana ba.

Wayar hannu

Daga Satumban 2025, jihar New York ta hana ɗalibai amfani da wayoyi da sauran na'urorinsu masu intanet tun daga shiga makaranta har tashi, har da lokacin cin abinci. Kowace makaranta ce ke zaɓar inda za a ajiye su, ko a kabad ko a jaka mai kulle. Dole ne makaranta ta ba ku hanyar samun yaro da rana, don haka ku ajiye lambar ofis. Akwai sassauci ga mai lalurar lafiya, kamar mai ciwon suga da ke auna jini da waya, da mai shirin karatu na musamman, da wanda ke buƙatar fassara. Ku nema a rubuce tun farko, kada ku jira a ƙwace wayar.

Idan abu ya ɓaci

A kan cin zarafi ta intanet, ku ɗauki hoton saƙonnin da kwanan wata da sunan asusun kafin a goge, sannan ku kai ƙara a rubuce. Dokar jihar New York mai suna DASA ta shafi har wanda ya faru a wajen makaranta idan yana cutar da karatun yaro. Amma idan hoton tsiraicin yaro ne, kada ku tura wa kowa ko don nuna shaida, domin tura shi laifi ne. Ku kai wa 'yan sanda ko cibiyar NCMEC mai kula da lamarin yaran da suka ɓace ko aka ci zarafinsu, wadda ke da shafin Take It Down na taimakawa a cire irin waɗannan hotuna. Idan ana neman kuɗi da barazanar yaɗawa, kada ku biya, kuma kada ku fara da duka ko faɗa. Tsoron iyaye shi ne babban makamin masu wannan aika-aika.

Kuna da ikon ganin fayil ɗin yaronku, kuma FERPA ta ba makaranta kwana 45 ta nuna muku bayan kun nema. Ku nema ta imel don kwanan watan ya zama shaida. Idan akwai kuskure, ku nemi gyara. Idan an ƙi, kuna da ikon a saurare ku, a kuma saka bayaninku cikin fayil ɗin. Ƙorafi ga Ma'aikatar Ilimi ta tarayya sai cikin kwana 180. Waɗannan haƙƙoƙi suna komawa hannun ɗalibi idan ya cika shekara 18. Makarantu masu zaman kansu da ba su karɓar kuɗin tarayya, ciki har da makarantun Musulunci da yawa, FERPA ba ta hau kansu ba, don haka can sai ku karanta yarjejeniyar da kyau.

Satar bayanai ta fi faruwa a kamfanonin da makarantu ke ba ajiya. A 2022 aka bayyana kutse a Illuminate Education da ya shafi ɗaliban birnin New York kusan 820,000, na yanzu da na baya. A Disamban 2024 aka shiga PowerSchool da kalmar sirrin da aka sata, aka kwashi bayanan miliyoyin ɗalibai da malamai. Dokar ilimi ta jihar New York, sashe na 2-d, ta hana sayar da bayanan ɗalibai, kuma ƙa'idojinta sun ce a sanar da iyaye cikin kwana 60 da gano kutse. Idan wasiƙar ta iso, ku duba ko lambar Social Security na cikin abin da aka ɗauka, ku canza kalmar sirri, ku karɓi kariyar da aka bayar kyauta. Sannan ku kulle tarihin bashin yaron, don kada a ci bashi da sunansa, a kamfanoni uku da ke ajiye tarihin bashi: Equifax, Experian da TransUnion, kowanne daban. Kyauta ne tun 2018 ga iyayen yaro ɗan ƙasa da shekara 16, kuma za a nemi kwafin takardar haihuwarsa, katinsa na Social Security da shaidarku. Ɓarawo na iya cin bashi da sunan yaro shekaru ba a gane ba, sai ranar da ya nemi hayar gida ko bashin karatu. Ku adana takardun kullewar tare da fasfonsa, domin da su zai buɗe idan ya girma.