Wayar birkin tirela: ku duba inda kuke maƙala ta

'Yan uwa masu jan tirelar tafiya (ɗaki mai taya da ake ja a bayan mota), siririyar wayar ƙarfen nan ta birkin gaggawa, a jikin motar za ku maƙala ta. Ba a kan ƙwallon jan tirela ba, ba kuma a jikin sarƙar tsaro ba.

Aikinta ɗaya ne. Idan tirela ta ɓalle, wayar ta fizge ɗan fil daga makunnin birki da ke jikin tirelar, batirin tirelar ya kama birki. To in abin da kuka ɗaura ta a kai shi ne ya karye, ai tare za su tafi, fil yana nan daram, tirela na gudu babu birki.

Ni da a sarƙa nake saƙala tawa, don sauri kawai. Yanzu na sa ƙugiya mai murfi a wani zobe daban a ƙarfen ƙarƙashin motar.

Tsawo ma abin lura ne. In ta yi ɗamau, kuna shan kwana za ta zare fil, tayoyi su ƙame a tsakiyar titi. In ta yi sako-sako, kwalta ta cinye ta. Kada ku naɗe ta a sarƙa.

Amma duk wannan banza ne in batirin tirela ya mutu. Kafin tafiya ku cire filogin wutar da ya haɗa tirela da mota, ku zare fil, ku ɗan ja gaba a hankali. Tirela ta turje? Madalla. Ku mayar da fil nan take, don barinsa a waje na shanye batir, birki kuma ya yi zafi.