Yadda Ake Bin Sawun Jami'in Rum Daga Bariki Zuwa Kujerar Gwamna

Duk ɗalibin da ya zo mini da sunan wani babban mutum na daular Rum, nakan ce masa ya ajiye labarin yaƙe-yaƙe tukuna. Ya ɗauko takarda, ya jera muƙaman mutumin da shekarunsu. Rumawa hawa-hawa suke yi, kuma matakalar ce ke faɗa maka ko wane ne shi.

Ni da misalin Agirikola nake koyarwa, wani janar na Rum wanda aka haifa a shekarar 40 miladiyya a kudancin ƙasar da yau ake kira Faransa. Fara da aikin soja na ƙuruciya. Shi a Birtaniya ya yi nasa, ƙaramin hafsa a ƙarƙashin gwamna Suwetoniyus Paulinus, daidai lokacin tawayen da Budika, sarauniyar wata ƙabila a tsibirin, ta yi wa Rumawa. Daga nan ka nemo shekarar da ya zama kwesta, wato jami'in baitulmali, domin wannan muƙami ne ƙofar shiga majalisar dattawa. Nasa ya faɗo a 64, a lardin Asiya, yammacin Turkiyya ta yau. Sai wakilin talakawa a 66, sai pireta, mai kula da shari'a, a 68.

A nan ɗalibai ke gaggawa, ni kuwa a nan nake tsayawa. Shekarun nan na sarki Nero ne, kuma Agirikola bai yi wani abin a zo a gani ba. Kada ka rubuta cewa rago ne. A zamanin da mai fice ke rasa kansa, yin shiru dabara ce.

Bayan pireta, duba ko an damƙa wa mutum runduna. Shi an ba shi ta 20, a Birtaniya kuma, sannan gwamnan Akwitaniya, a kudu maso yammacin Faransa ta yau, sannan konsul, muƙamin ƙoli a wannan jerin matakalar. Kula da kyau: konsul iri biyu ne a zamanin sarakuna. Akwai waɗanda ake kiran shekara da sunansu, akwai masu canjinsu a tsakiyar shekara. Agirikola cikin na biyun yake, saboda haka kada ka ɓata lokaci kana nemansa a jerin na farko.

In ka samu rubutun dutse, koyi gajerun haruffan: Q kwesta, TR PL wakilin talakawa, PR pireta, LEG wakilin sarki, COS konsul. Wani dutsen daga ƙaramin muƙami yake farawa, wani daga babba. Na taɓa karanta ɗaya a baibai, na mayar da dattijo yaron ofis.

Sai ka auna mai ba da labari. Kusan duk abin da muka sani game da mulkinsa a matsayin gwamnan Birtaniya bayan ya yi konsul, da nasarar da ya samu a arewacin tsibirin, da kiranyen da sarki Domishiyan ya yi masa, daga alƙalamin marubucin tarihi Tasitus ya fito, shi kuwa mijin 'yarsa ne. Don haka nake tura ɗalibai ga shaidar da ba ta da suruki, kamar bututun dalma da aka tono a garin Chester na Ingila, mai ɗauke da sunan Agirikola, na shekarar 79.