Yadda unguwa ke samun kujera a majalisar iyaye da kwamitin unguwa, da yadda ake shirya muhawarar 'yan takara

A garuruwan Sudan irin su Gadarif, Kasala, Sinnar da Damazin, ba abin mamaki ba ne ka shiga wata firamare lokacin fatur, wato hutun karin kumallo, ka ji Hausa a bakin yara ta ko'ina, amma in aka karanto sunayen majalisar iyaye ka rasa uban ko ɗaya daga cikinsu. Yawan jama'a ba ya juyewa ya zama kujera da kansa. Masu jin Sifaniyanci a Amurka, waɗanda ake kira Latino, sun daɗe da sanin haka. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62, kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙasar, amma akwai garuruwan da suka yi shekaru da dama su ne mafi yawa ba su da ko kansila ɗaya. Dokokinsu da kotunansu daban ne da namu. Rabon Sudan da babban zaɓe tun 2015, ga kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Kujerun da ke kusa da hannu yanzu su ne na majalisar iyaye, da kwamitin unguwa (lajna sha'abiyya a zamanin Bashir, kwamitin sauyi da hidima daga 2019 zuwa 2024), da kwamitocin ruwa da kasuwa. Lissafin ƙuri'a kuwa iri ɗaya ne a ko'ina.

A fara da ƙa'idar zaɓen, ba da ɗan takara ba

Kafin a ambaci sunan kowa, mutum biyu su je wurin mudirin makaranta (shugabanta) ko ofishin mahaliyya (ƙaramar hukuma) su nemi ƙa'idar a rubuce. Abu huɗu ake son sani: kujeru nawa ne, wa ke da ikon zaɓe, sunaye nawa mutum ɗaya ke rubutawa, kuma da takarda ake yi ko da ɗaga hannu. Idan aka ce babu rubutacciyar ƙa'ida, a nemi a amince da ita a farkon taro kafin a buɗe takara, a sa ta cikin littafin zama.

Tambaya ta uku ita ce zuciyar al'amarin. A ce iyaye 200 suka zo taro, 120 daga tsohuwar unguwa, 80 daga taku, kujeru bakwai, kowa zai rubuta sunaye bakwai. Idan mutum 120 ɗin nan suka haɗa baki a kan jeri ɗaya, duk bakwai ɗinsu sun ci da ƙuri'a 120 kowanne, ku da kuke da kashi 40 cikin ɗari kun tashi hannu rabbana. Ba wanda ya yi maguɗi, tsarin ne ya ba da haka. Da irin wannan tsari, inda gari duka ke zaɓen dukkan kansiloli a dunƙule, aka riƙe San Antonio ta jihar Texas har 1977, lokacin da aka raba birnin mazaɓu goma. A zaɓen shekarar 'yan asalin Meziko biyar suka shiga majalisar, a 1981 kuma Henry Cisneros ya zama magajin gari. A Yakima ta jihar Washington, inda Latino suka kai wajen kashi 40, ba a taɓa zaɓar ko ɗaya ba sai da kotun tarayya ta soke tsarin a 2014. A 2015 mata uku daga cikinsu suka ci kujeru uku cikin bakwai.

Gyaran da ya fi sauƙin karɓuwa a nan shi ne rabo bisa murabba'i, wato rukunin gidaje mai lamba a cikin unguwa: kowane murabba'i, ko kowane biyu, ya fitar da mutum ɗaya daga mazaunansa. Yana aiki ne kawai in jama'arku na zaune wuri ɗaya. In a warwatse kuke, ku nemi ƙuri'ar tarawa, wato a bar mutum ya zuba ƙuri'unsa bakwai a kan ɗan takara ɗaya ko ya raba su yadda ya so. Hukumar makarantun Amarillo a Texas ta koma wannan tsari a 2000, a zaɓen farko baƙar fata ɗaya da mace Latino ɗaya suka shiga. Lissafinsa: a ƙara ɗaya a kan yawan kujeru, a raba yawan masu zaɓe da shi. 200 raba 8 ya ba da 25, saboda haka mutum 26 da suka haɗa kai sun isa kujera ɗaya. Ku 80 kuna da ƙuri'a 560. Ku tsayar da uku, kowanne ya sami wajen 186, babu yadda za a kayar da su. Ku tsayar da biyar don kar ran wani ya ɓaci, kowanne ya sami 112, waɗancan bakwai masu 120 su kwashe duka. Kwaɗayin kujera biyar shi ke jawo asarar ukun.

In an ƙi duka biyun, akwai dabarar ƙarshe: ku rubuta sunayen mutanenku kaɗai ku bar sauran layukan babu komai, domin duk sunan da kuka ƙara don cika bakwai ƙuri'a ce kuka ba abokin takara. A tabbatar tukuna cewa takardar da ba a cika ba ba ta lalacewa.

Jerin masu zaɓe

Crystal City ƙaramin gari ne na manoman alayyafo a kudancin Texas, mafi yawan mutanensa 'yan asalin Meziko. A wancan lokaci sai mutum ya biya harajin zaɓe na dala 1.75 kafin wa'adi ya cika sannan sunansa ya shiga rajista, leburorin gona kuwa ba sa biya. Aka bi su gida-gida har suka biya, a Afrilun 1963 mutanensu biyar suka lashe dukkan kujerun majalisar garin. Aikin da ya kawo nasarar an gama shi watanni kafin ranar zaɓe.

Namu shingen ba haraji ba ne. Sunan waliyyin ɗalibi ne da ba a rubuta daidai ba a rajistar makaranta, ko rashin lambar ƙasa, ko sanarwar taro da aka ba yaro a takarda ta ɓace a hanya. A raba unguwa gida talatin-talatin, kowane kashi a ba namiji ɗaya da mace ɗaya, su rubuta sunan yaro, ajinsa, da wanda zai zo a madadinsa. Macen ba don ado ba ce: a gidaje da yawa uban yana gona ko yana Saudiyya, uwar ce ke nan, kuma ba za ta fito wa baƙon namiji ba. A nemi ƙa'ida ta faɗa a sarari cewa uwa, kaka ko yaya na iya zaɓe. A Chicago, tun dokar 1988, iyaye shida ne ke zama a majalisar kowace makaranta, majalisar ce ke zaɓen shugaban makarantar, kuma ba a tambayar iyaye takardar zama ɗan ƙasa kafin su jefa ƙuri'a. Samun ɗa a makarantar ya isa. Wannan hujja ce mai kyau ga waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum ko Madani takardunsu suka salwanta.

A kula da ranar taro. A Gadarif, wanda ya sa taro da hantsin ranar aiki lokacin yankan riɗi ko girbin dawa ya riga ya zaɓi waɗanda za su zo. A roƙi Juma'a ko Asabar bayan la'asar.

Muhawarar

Amfaninta biyu ne. Na cikin gida, ita ce hanyar rage 'yan takara shida su koma uku ba tare da an ce dattawa sun yi son kai ba. Na waje, in an gayyato 'yan takarar sauran unguwanni, kowa ya ji abin da kowa ya yi alkawari a gaban shaidu.

Masu shiryawa su zama uku ko biyar, babu ɗan'uwa ko surukin ɗan takara a ciki. Wuri: filin makaranta ko nadin unguwa, wato kulob ɗinta. Ban da gidan ɗan takara, ban da masallaci, kar a jawo liman cikin rigimar da ba tasa ba. A halin da ake ciki, a sanar da mahaliyya a rubuce kwanaki kafin taron, a riƙe kofin takardar da hatimi a kanta. Lasifika mai batir da makirufo biyu, domin wuta ba abin dogaro ba ce.

Ga tsarin lokaci idan 'yan takara huɗu ne. Kowa minti 2 na gabatar da kai, minti 8 ke nan. Tambayoyi shida, kowa ya amsa kowace a daƙiƙa 90, minti 36. Bayan kowace tambaya kowa na da daƙiƙa 30 na raddi, minti 12. Rufewa minti ɗaya-ɗaya, minti 4. Jimla awa ɗaya. A ƙara rabin awa na tafinta, awa ɗaya da rabi ke nan, wanda zai shiga tsakanin la'asar da magariba in an fara a kan kari. Fiye da mutum biyar, a raba zama biyu. A jefa ƙuri'a don sanin mai farawa, sannan a riƙa juyawa, saboda mai magana a ƙarshe kullum yana cin ribar jin amsar sauran.

Batun tafinta kar a yi wasa da shi. Samari sun fi sakewa da Larabci, tsofaffin mata da yawa Hausa suke so, baƙin da aka gayyato kuma ba sa jin Hausa. Tafinta ya taƙaita kowace amsa cikin daƙiƙa 30 zuwa 40, kuma ya zama wanda duk 'yan takara suka yarda da shi tun kafin ranar, domin ba wuya ya gyara wa wani magana ya daƙile ta wani. A Amurka sai da aka gyara dokar zaɓe a 1975 kafin aka tilasta buga takardun ƙuri'a da Sifaniyanci a wuraren da ake buƙata.

Tambayoyi uku masu shiryawa su rubuta, uku daga jama'a. Kar a miƙa makirufo ga masu sauraro. Wanda ya karɓa zai fara da salati da godiya da tarihin unguwa, minti goma sun tafi, kuma ba mai iya katse dattijo a bainar jama'a. A raba ƙananan takardu, saurayi ɗaya a ɓangaren maza, budurwa ɗaya a ɓangaren mata, su rubuta wa wanda bai iya ba. Tambaya mai kyau ita ce wadda amsarta ke da adadi ko rana: nawa iyaye suka tara bara, ina aka kashe, wa ya ga rasit; yaushe za a gyara banɗakin 'yan mata; me za a yi wa yaron da ya shiga aji ɗaya ba ya jin Larabci; yaya za a yi da azuzuwan da 'yan gudun hijira ke ciki ba tare da an wulaƙanta su ba. "Me za ka yi don ci gaban ilimi" wa'azi kawai za ta haifar.

Mai kula da lokaci ya zauna gaba da kwali biyu, rawaya in saura daƙiƙa 15, ja in lokaci ya cika. Shugaban zama ya ce, "Alhaji, a yi mana haƙuri, lokaci ya yi," ya juya ga na gaba nan take. In ya ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa saboda shekarunsa, ya rasa ikon tsayar da sauran. Wanda aka gayyata bai zo ba, a karanta takardar gayyatar a faɗi cewa bai samu zuwa ba, a wuce. A ɗauki bidiyon zaman gaba ɗaya da waya ɗaya ta masu shiryawa, domin gutsuren daƙiƙa ashirin da wani zai yanka ya watsa a WhatsApp ba abin da ke kashe shi sai cikakken faifan.

Ƙa'ida ɗaya ba ta da sassauci, kuma kowane ɗan takara ya sa hannu a kanta: ba a taɓa asalin kowa, ba a cewa wane baƙo ne wane ɗan ƙasa. Wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Nilul Azrak a Yulin 2022, da rayukan da aka rasa, ya san inda irin wannan magana ke kaiwa. Buƙatar a gabatar da ita da sunan murabba'i da yawan yaransa a makaranta. "Murabba'i na 6 na da yara 140 a nan, ba shi da wakili" magana ce da mudiri zai iya dubawa a rajista, kuma maƙwabcin da ba Bahaushe ba da ke zaune a murabba'in zai iya mara mata baya.

Bayan an ci

Mutum biyar ɗin nan na Crystal City sun rasa iko da majalisar garin a 1965. Ba su da gogewar mulki, suka kuma shiga saɓani tsakaninsu. Sai bayan ɗalibai sun ƙaurace wa azuzuwa a Disambar 1969 aka sake haɗuwa, a 1970 jam'iyyar Raza Unida ta ci kujeru a hukumar makarantu, José Ángel Gutiérrez ya zama shugabanta. Saboda haka tun wajen tsayarwa a duba wanda ke karanta Larabcin ofis, ya iya duba lissafi, kuma yana gari yawancin shekara. Mai kuɗin da rabin shekararsa a Jidda yake ba zai halarci zama ba.

In ana rabon muƙamai, kar a yi ta ja-in-ja kan shugabanci. Sakatare shi ke riƙe littafin zama, ma'aji shi ke sa hannu a kan kuɗi. Ɗaya daga cikin biyun nan ake nema. Alkawuran da aka yi a muhawara a rubuta su a takarda ɗaya da Larabci da Hausa, a manna a ƙofar makaranta, a kuma sa ranar da wakilai za su dawo gaban unguwa bayan wata uku da littafin zama da rasit a hannu.