Yadda ake ƙera tulun ado da tsohuwar jarida da kwalin ƙwai

Tun 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa mai fasaha ya haɗa abin da aka koya masa a aji da abin da ya tarar a gida. Masu fasahar yanzu sun kai maganar har kan kayan aiki. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar shekaru da yawa a Nsukka, da murafen kwalabe da wayar tagulla yake saƙa ayyukan da ake ratayewa a manyan gidajen baje fasaha na duniya. Siminti da ƙarfe sun yi tsada, ita kuwa takarda ga ta nan jibge a Samaru da Kongo, unguwannin jami'a a Zariya, duk ƙarshen zangon karatu. Ga yadda za ka tayar da tulu mai tsayin santimita 60 da ita.

Nemi tsofaffin jaridu, da takardar buhun siminti, da kwalin ƙwai kamar guda goma daga masu shayi ko kasuwar Sabon Gari, da ragar kaji, da wayar ɗaurin rodi, da sitacin rogo, da farin gam na kafintoci, da ɗan falankin katako. Kafin ka yaga komai, ka duba takardun shafi-shafi, ka ware duk mai ɗauke da aya ko sunan Allah. Takarda mai santsi irin ta mujalla ma ka ajiye ta gefe, ba ta shan ruwa.

Ka fara da ƙashin aikin. Cika gorar roba da busasshen yashi, ka ɗaure ta a tsakiyar falankin, ita ce nauyin da zai hana tulun kifewa. Lanƙwasa ragar kaji ta zagaye gorar, ciki ya buɗe, wuya ya tsuke, ka ɗinke bakinta da waya, ka mayar da tsinin wayar ciki. Wayar rodi tana tsatsa da ta sha danshi, tsatsar kuma takan ɓullo ta saman fenti bayan makonni, ja-ja kamar tabon goro. Saboda haka ka shafe ta da fentin mai, ka bari ta bushe tukuna.

Sai damin sitaci. Gwangwanin madara ɗaya na sitaci, ka dama shi da gwangwani ɗaya na ruwan sanyi, ka kwarara cikin gwangwani biyar na tafasasshen ruwa kana juyawa, har farin ya koma garai-garai kamar koko mai kauri. In ya huce ka zuba rabin gwangwani na gam. Dama na yini ɗaya kawai. Wanda ya kwana biyu a zafin bazara ya yi tsami, kuma tsamin ba ya barin jikin aiki.

Yaga jarida da hannu, faɗin yatsa biyu. Kada ka sa almakashi, don bakin da aka yanka yakan tsaya a fili, wanda aka yaga kuwa yana narkewa cikin na kusa da shi. Jarida tana da gefen da take yaguwa a miƙe, gwada ka gani. Tsoma kowane yanki, ka zare shi tsakanin yatsu biyu har ya daina ɗiga, ka shimfiɗa, ka murje iskar da ke ƙasa. Shimfiɗa ta farko a tsaye, ta biyu a kwance, kamar saƙar tabarma. Idan ka sa jarida a ɗaya, takardar siminti a ɗaya, bambancin launi zai nuna maka inda ka tsallake.

A nan ne yawancin aiki yake lalacewa. Shimfiɗa biyu, sai ka tsaya ya bushe sarai kafin ka ƙara, har ka kai takwas. Mai gaggawa yakan jera shida a zama ɗaya, sama ya bushe ya rufe, ruwa ya maƙale a ciki, bayan kwanaki sai wari da baƙin funfuna, cikin tulun ya lotsa. A hunturu yini ɗaya ya isa, amma ka ajiye shi a inuwa mai iska, domin rana da iskar hunturu tare suna busar da gefe ɗaya da sauri har aikin ya karkace. A Agusta ka ba shi kwana uku ko fiye, kusa da fanka. Ɗora bayan hannunka a kai: in ka ji sanyi, da sauran ruwa. Ƙwanƙwasa shi kuma, busasshe yana amsawa kamar ƙwarya.

Ado da kwalin ƙwai ake yinsa. Jiƙa shi ya kwana, ka daka a tsohon turmi, ka matse a tsumma har ruwa ya daina fita. Gwangwani huɗu na wannan, da ɗaya na gam, da rabi na farar ƙasa tankaɗaɗɗiya, ka cuɗa su har ya kama kamar tuwo. Murza shi igiya-igiya, ka liƙa dagin Arewa ko irin zanen da magina ke fitarwa a bangon zauruka a cikin Birnin Zariya. Kada kaurin ya wuce santimita ɗaya a lokaci guda, in ya wuce zai tsage.

Bayan ya bushe ka goge kaushin da samfefa, ka shafa gam da aka sirka da ruwa daidai-wa-daida, ciki da waje. Jar ƙasa da aka tankaɗe aka dama da gam tana ba da launin tulun gaske, ta fi fentin kanti kyau nesa ba kusa ba. Rufe da man sheƙin katako sau biyu, har da ƙarƙashin falankin.

Sitaci abinci ne ga gara da kyankyasai da ɓera. Kada tulun ya zauna a daɓe ko ya jingina da bangon ƙasa. Ɗora shi a kan teburin ƙarfe, kuma ka riƙa ɗaga shi kana duba ƙasansa duk wata, musamman da damina.