Ɗaukar hoton tsuntsun ruwa yana shawagi: ka bar masa fili, yankan hoto daga baya

'Yan uwa masu kamara na nan Katsina, mu da hannunmu ya saba da biki da hawan sallah, da an ce tsuntsu a sama sai ka ga mutum ya ja zum har ƙarshe ya cika firem taf kamar yana ɗaukar fuskar amarya. To a nan hoton yake lalacewa tun kafin a danna. Tsuntsu tafiya yake, kuma duk wanda zai kalli hoton idonsa gaban tsuntsun yake nufa, in bakinsa ya tokare da gefen hoto sai ka ji abin ya takura ko da kuwa ya fita tsaf.

Mu dai ba mu da teku, sai an gangara Legas, amma dangin tsuntsayen teku suna zuwa mana, irin fararen nan masu siraran fikafikai masu tsini da suke barin Turai da Asiya in sanyi ya shigo can, su sauka fadamun Haɗeja da Nguru da manyan ruwaye na arewa da rani. Kafin ka same su ga balbela nan da zalɓe da kirinjijiya a bakin dam irin Ajiwa ko Zoɓe ta wajen Dutsin-Ma, ga shamuwa in damina ta kawo kai, duk ƙa'idar ɗaya ce, da su za ka koyi hannu.

Saitin kamara ba dogon zance ba ne. Shota, wato saurin ɗauka, 1/2000 na daƙiƙa ko wanda ya fi haka sauri, fokas mai bin abu yana tafiya, ka sa ta a harbin jere, wato ta riƙa ɗaukar hotuna da yawa a jere in ka danna. Farin tsuntsu kuma ka ɗan rage haske, don in farin gashin ya ƙone da yawan haske babu manhajar da za ta dawo maka da shi.

Inda ka tsaya ya fi saitin muhimmanci a wurina. Tsuntsu in zai tashi ko zai sauka iska yake fuskanta, saboda haka ka juya wa iska baya, sai ya riƙa zuwa ta wajenka maimakon ka yi ta ɗaukar wutsiya. In ka yi dace rana ma tana bayanka, da sassafe ko bayan la'asar, za ka ga ɗan ƙyallin nan a idonsa, wallahi wannan ɗan ɗigon hasken shi ke sa hoton ya yi rai. Lokacin hunturu kuwa hazo yana maida sama fari fat, to kar ka ɗaga kamara sama sosai, ka jira ya sauko ƙasa-ƙasa yadda ruwa ko ciyayin gaɓa za su zama bayansa.

Sai babbar maganar, ka ɗauka da sarari. Ka ja zum baya kaɗan ka bar tsuntsun a tsakiya lokacin ɗauka, can ne ya fi sauƙin riƙewa kuma fikafikansa in ya buɗe su gaba ɗaya ba za su fita waje ba. Tsarin hoto a gida za ka yi shi, a manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko Snapseed, da natsuwa. In ka zo yanka sai ka matsar da shi gefe ɗaya, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton, ragowar filin ya zama a gabansa ta inda ya dosa. In sauka yake yi filin ya fi yawa a ƙasa, in tashi yake a sama. Wanda ya taho maka gaba da gaba fikafikai a baje, shi kam ka bar shi a tsakiya, ya fi kyau haka.

Bakin fiffike fa, don Allah a kula. Ko dai ya fito duka da ɗan fili a gefensa, ko kuma ka shiga ciki sosai ka yanke rabinsa yadda kowa zai gane da gangan ka yi don ka nuna kai da ido. Abin da ba ya kyau shi ne a ɗan gutsure ƙarshen gashin kaɗan. Haka ƙafa, haka inuwarsa a kan ruwa, ko ka sa ta duka ko ka cire ta duka. Kuma kafin ka yanke komai ka fara miƙe layin ruwa, ruwan dam ba ya karkata, kuma gyaran karkata yana cin gefunan hoto, in ka riga ka yanke babu abin da zai ci sai fiffike.

Cikin harbin jeren nan ka zaɓi wanda fikafikan suka yi sama sosai ko ƙasa sosai, kuma kansa ya ɗan juyo wajenka. Wanda fiffike ya rufe fuska ka goge shi kawai. In garke ne ka nemi inda ba su hau kan juna ba, sannan kar gefen hoto ya raba wani biyu.

Yanka yana da iyaka, ga lissafin. Kamara mai megafiksel 24 tana ba da fiksel, wato ƙananan ɗigon da suke haɗa hoto, 6000 a faɗi 4000 a tsawo, in ka yanke rabi ta kowane ɓangare saura 3000 da 2000, wato megafiksel 6 kacal, kashi huɗu ka zubar da uku. Wannan ya isa a wanke hoto mai faɗin inci 10 ya fita lafiya, ya kuma fi ƙarfin Instagram. Amma in tsuntsun ya zama ɗigo can nesa, yanka ba zai matso da shi ba, gara ka bar shi ƙarami ka haɗa da kwalekwalen masunta da faɗin ruwan, wani lokacin ma irin wannan ya fi ba da labari.

Tsayen hoto na sitatos ɗin WhatsApp shi ke ba mutane wahala don tsuntsu mai shawagi faɗi yake so. Kar ka matse shi dole, ka ajiye tsayen don wanda ya nutso kai ƙasa zai cafki kifi ko zalɓe mai tashi ƙafafu na reto. Asalin hoton kuma ka adana shi daban kar ka yanke a kansa, in za ka tura wa mai wanki ka tura shi a matsayin fayil don WhatsApp yana rage masa ƙarfi.